Lakar Fadamar Bado

Ranar da abin ya fara, Bintu tana tankaɗen garin tuwo ne a tsakar gida. Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsu, amma zafin bazara bai saki gari ba, ƙasa tana ta amayar da wanda ta sha tun safe. Ladanin masallacin unguwarsu ta Yalwawa yana gyaran murya a lasifika. Mijinta Abdussamad ya dawo daga aiki ke nan, ya tsuguna bakin randa yana alwala. Autarsu Safina tana cikin sabon ɗakinta, tana karatun jarrabawar fita sakandare.

Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, tim.

Ya gangaro a hankali, ya faɗi kusa da faifan Bintu. Curin laka ne, baƙi wuluk, jiƙe sharkaf, da 'yar saiwar ciyawa a jikinsa. Wata shida ke nan rabon Dutse da ruwan sama.

Abdussamad ya fita da butarsa a hannu yana faɗa, wai yaran yanzu ba su da kwaɓa. Ya leƙa lungu, ya leƙa bayan katanga, ya dawo bai ga ko akuya ba. Kafin ya buɗe baki, curi na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya. Bintu ba ta tashi daga kujerarta ba. Ta dai sa yatsa ta lakato lakar ta kai hanci, sannan ta goge a gefen zaninta, ta ci gaba da tankaɗe. Ta san warin, kuma ta san inda ya fito.

Bintu 'yar masunta ce daga wajen Haɗeja, aure ne ya kawo ta cikin duwatsu. Mahaifinta, marigayi Baba Mele, yana da wata doka da ko jikokinsa sun haddace: ba a ɗibar lakar gindin tafki da rani sai an yi sallama sau uku, an kuma jira kwana uku. Yakan ce idan ruwa ya janye, duk mai rai na cikinsa laka yake shiga ya kwanta. Gaiwa tana naɗe kanta a ciki ta yi barci har damina, kwaɗi ma haka, irin bado ma haka, sannan akwai waɗanda ba a kiran sunansu da yamma. Bintu tana yarinya takan yi dariya a ɓoye, don ita ba ta taɓa jin laka ta amsa sallama ba.

To, da aka zo yin sabuwar hanyar da ta kewaye gari, sai ta ratsa ta tsakiyar Fadamar Bado, inda mata ke wanki, shanu ke shan ruwa, balbelu ke kwana. Kwalta ba ta zama a kan laka, don haka katafila ta kwashe baƙar ƙasar gindin fadamar, aka zuba marmara, aka danne. Abdussamad yana cikin direbobin tifar kamfanin. An ce su kai lakar wani rami can bayan gari su zubar, shi kuwa ya ga tsuntsu daga sama gasasshe, ya karkato da tifa uku gida. Ɗanmusa magini ya yi tubali da ita yana ta yabo, wai bai taɓa taka ƙasa mai danƙo irinta ba.

Ranar da aka sauke lakar a ƙofar gida, Bintu ta tsaya a zaure ta shaƙi warin garinsu, maganar Baba Mele ta zo mata har bakin leɓe. Ta haɗiye. Shekara goma sha bakwai Safina tana kwana a ɗakin uwarta tsakanin kwalla da tukwane, tana karatu a kan gwiwa. Bintu tana son yarinyar ta sami ɗaki nata, ko da na shekara ɗaya ne kafin ta tafi makaranta ta gaba. Wannan shi ne dalilinta, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ta yi shiru da saninta ba.

Shi kamfanin, a yarjejeniyar aikinsa an rubuta cewa tunda ya cike fadama, sai ya mayar da wata. Suka je bayan unguwar Takur suka haƙa wani makeken rami a jar ƙasa, suka kewaye shi da waya, suka kafa allo mai hoton tsuntsu a cikin koren ciyayi. Suka dasa ciyawa, ta bushe. Suka sake dasawa, ta sake bushewa. Aka mayar da Abdussamad tuƙin tankar ruwa, kullum ya je ya juye, kafin ya juya kan mota ramin ya shanye. Mutanen gari suka sa wa wurin suna Fadamar Kamfani, kowa ya wuce sai ya ce aikin baban giwa. Ko kwaɗo ɗaya bai taɓa kuka a can ba.

A gidan Bintu kwaɗin suka yi kuka.

Yamma ta huɗu ce da fara jifan. Ana idar da sallar magariba sai suka ji shi, ƙasa-ƙasa da farko, sannan ya cika gidan kamar tsakiyar damina. Abdussamad ya haska tocila a kwata, ya haska bayan randa, ya ɗaga turmi. Bintu ta bar shi yana nema, ta je ta kara kunnenta a bangon ɗakin Safina. Daga cikin tubalin kukan yake fitowa. Bangon ya yi danshi daga ƙasa har zuwa gwiwar mutum, yaɓen ya yi baƙi, yana sanyi kamar gindin tulu.

“Baban Safina, mu fitar da yarinyar nan daga ɗakin nan,” in ji ta.

“Saboda kwaɗi?”

Ta juya ta nufi ƙofar ɗakin. Shi kuwa bai sake tambaya ba, domin shi mutum ne da in abu ya fi ƙarfinsa sai ya kama gyaran rediyo.

Sun fitar da ita, amma Safina ta koma. Da la'asar ta yi, duk inda aka zaunar da ita sai ta tashi ta shiga ɗakin, ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu. Ta daina buɗe littafi. Ta daina cin abinci sai ruwa, shi kuwa moɗa bayan moɗa take ɗirka har randa ta yi ƙasa. In an kira sunanta sai ta juyo a makare, kamar wadda ake kira daga ƙetaren kogi. Suka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka auna, aka ce babu komai, a riƙa ba ta hutu. Maƙwabta suka shigo da jaje da shawarwari, kowa da sunan malaminsa, kowa da labarin 'yar wance da aka taɓa yi wa haka. Bintu tana yi musu shimfiɗa, tana amsa gaisuwa, tana raka su zaure. Hawaye bai zo mata ba. Zuciyarta ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko ka tsikare ta ba ta ji.

Ranar Laraba ta mako na uku, gab da magariba, ta shiga kai wa Safina ruwa ta tarar da ita a kwance a gindin bango. Yarinyar ta ƙwaƙulo danshin yaɓen da farce ta shafe fuskarta da hannuwanta da shi, ta naɗe jikinta, gwiwa a ƙirji, kai a cikin gwiwa. Numfashinta ya yi nisa da juna, sai ka ƙirga goma kafin wani ya zo. Bintu ta girgiza ta, ta kira, ta yayyafa mata ruwa. Ta taɓa ganin irin wannan kwanciya sau ɗaya, ranar da mahaifinta ya fasa busasshiyar laka ya nuna mata gaiwa a ciki.

Ta fito tsakar gida ta tsaya a kan mijinta.

“Ka tashi ka je Limawa ka ɗauko Malam Talha. In ka bari ta yi nisa a barcin nan, ba za ta tashi ba sai damina, in ma ta tashi.”

Malam Talha tsoho ne siriri, mai makarantar Alƙur'ani a Limawa, ba ya daga cikin masu duka da bulala ko cika gida da hayaƙi. Da Abdussamad ya je, ya ce ba zai zo cikin duhu ba, a rufa mata zane a bar ta, gobe bayan la'asar yana tafe. Washegari ya zo a ƙafa, da carbi da 'yar goran ruwa. Ya sallami 'yan kallo daga zaure, ya ce uwa da uba kaɗai. Da ya shiga ɗakin bai fara duba yarinyar ba, bangon ya dafa, ya daɗe hannunsa a kai, sannan ya dubi Abdussamad. Abdussamad ya sunkuyar da kai.

Malam ya zauna a kan buzu ya fara karatu, murya ba sama ba ƙasa. Ya yi Fatiha, ya yi farkon Baƙara, ya yi Ayatul Kursiyyu, ya maimaita. Hasken taga ya tashi daga fari ya koma ja. Kwaɗin bango suka ɗauka gaba ɗaya, har ba a jin muryarsa, shi kuwa bai ƙara sauti ba, bai rage ba. Can sai suka yi ɗif.

Safina ta warware jikinta ta zauna. Idonta a rufe, laka ta bushe ta tsattsage a kumatunta.

“Ya isa, Malam. Muna ji. Mu ma Musulmi ne.”

Muryar tsohuwa ce, mai kauri, a gajiye, irin ta wanda aka tasa daga barci bai ƙoshi ba. Abdussamad ya ja da baya har ya bugi ƙyaure. Bintu ba ta motsa ba.

“In ke Musulma ce, me ya kawo ki gidan mutane?” in ji Malam.

“Ba mu muka shigo gidansu ba. Su suka ɗauko namu. Muna kwance muna jiran ruwa, muka farka muka gan mu a bango. Ko sallama ba a yi mana ba. Tambayi matar gidan, ita ta san ana yi.”

Malam bai juya ya dubi Bintu ba, kuma har ta mutu ba za ta manta masa da wannan karamcin ba. Mijinta ne ya dube ta. Ita kuwa ta ce, “Gaskiya ne. Na sani.”

“An yi muku laifi,” in ji Malam. “Amma yarinyar nan ba ita ta tuƙa mota ba, ba ita ta yi tubali ba. An haƙa muku wani wuri a bayan Takur. Ku koma can.”

Dariyar da ta fito daga bakin Safina gajeriya ce, babu daɗi a cikinta.

“Rami ne, Malam. Kai in aka rushe gidanka aka nuna maka rami da allo a bakinsa, za ka kwashi iyalinka ka shiga? Babu ƙasarmu a can. Ruwa ma ya ƙi zama, balle mu.”

“To me kike so?”

“A ɗaga hanyar.”

“Ba ya yiwuwa, kin sani. Faɗi abin da hannun mutumin nan zai iya.”

A waje aka kira sallar magariba, aka gama, babu wanda ya tashi.

“To a bar mini yarinyar,” in ji muryar. “Ba zan cuce ta ba. Barci kawai za ta yi kusa da ni. Ina da tawa 'yar, kamar wannan. Da zafi ya yi yawa a bara sai ta nutsa can ƙasa, inda ya fi sanyi. Bakin katafila bai kai inda take ba. Ni aka kwaso, ita aka zuba mata dutse, aka danne, aka shafe da kwalta.”

“Allah Ya ji ƙanta,” in ji Malam a hankali.

“Ba ta mutu ba. Mu ba ma saurin mutuwa. Tana nan kwance, tana jiran ruwa.”

Sai a lokacin Bintu ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, kaɗan, ya sake kwanciya. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ba a ba ta izinin magana ba, amma ta matsa kusa, ta durƙusa gaban jikin 'yarta, ta yi magana da wadda ke ciki.

“Baiwar Allah, in kin riƙe tawa, taki za ta fito?”

“A'a.”

“To mun zama mu biyu ke nan.”

Sai Malam Talha ya ce, “Ba a kama wani da laifin wani, wannan kin san shi a Littafi kamar yadda na sani. Ga abin da zan tsaya a kai. Za a rushe ɗakin nan. Duk tubalin da aka yi da ƙasarku, wanda ya kawo shi zai mayar da shi ramin Takur kafin ruwan farko, da sallama, yadda ya kamata a yi tun farko. Ke kuma ki fita yau, ki yi alkawari da sunan Allah ba za ki dawo ba. In kin ƙi, zan koma karatu, kuma ba zan tsaya ba.”

“Har yaɓen?”

“Har yaɓen, har ƙurar da za a share.”

“Na yarda. Saura ɗaya, ba naka ba ne, Malam, na matar gidan ne.” Fuskar Safina ta juyo wajen Bintu, idon a rufe. “In na koma Takur na yi nisa, muryata ba za ta kai ba. Ke kina wucewa ta kan 'yata in za ki kasuwa. Wajen kwalbati na biyu, inda dabino uku suke. Ki riƙa yi mata sallama, ta san ba a manta ba.”

Malam ya buɗe baki zai hana, domin ba ya son a ɗaura wa mutum hulɗa da mutanen ɓoye. Bintu ta riga shi.

“Zan yi.”

Safina ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Da ta buɗe ido sai ta ce, “Umma, yunwa nake ji. Me ya ɓata mini fuska haka?”

Kwana uku Abdussamad yana tsayawa a ƙofar ɗakin da safe yana sallama, shi kaɗai, da kunya kamar mai roƙon gafara a gaban surukai. A rana ta huɗu ya kira Ɗanmusa suka cire rufi, suka sa diga. Maginin yana rushewa yana tsaki, wai bai taɓa gina ɗaki mai kyau irin wannan ba. Bintu ta share wurin da tsintsiyar laushi, ta kwashe ƙurar a buhu. Abdussamad ya roƙi aron tifa, ya yi sawu uku zuwa Takur. Ma'aikaciyar da ke kula da aikin ramin ta ga baƙar ƙasa ana juyewa, ta zo da gudu, ta damƙa ta murza a hannu, ta ce wata nawa tana tambayar inda aka kai ƙasar tsohuwar fadama babu mai ba ta amsa. Ta sa aka nemo sauran direbobin, aka bi ramin da suka zubar da tasu aka kwaso.

Damina ta sauka a kan kari. Ramin Takur ya riƙe ruwa. Kafin wata biyu bado ya buɗe a kansa, balbelu suka dawo, kwaɗi suka hana mutanen unguwar sakat. Manya suka zo da motoci aka ɗauki hotuna a gaban allon. Safina ta rubuta jarrabawarta, ta koma kwana tsakanin kwalla da tukwane, ta yi ƙiba, ba ta tuna komai sai dai haushin ɗakinta da aka rushe. Mata suna shigowa barka, suna ce wa Bintu ai sai godiya. Tana godiyar, da baki da zuciya. Amma murnar da take jira ta zo ta cika ta ba ta zo ba, ta tsaya a wani wuri a hanya.

Wata Asabar da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, suka hau adaidaita sahu ita da Safina za su kasuwa. Da suka iso kwalbati na biyu ta ce wa direban ya tsaya. Ta sauka. Dabinon uku suna nan a gefen hanya. Kwaltar ta wanku tas, baƙa, tana sheƙi, an yi mata ɗan tudu a tsakiya yadda duk ɗigon da ya faɗo zai gangara gefe ya bi magudanar siminti ya wuce. Aikin ya yi kyau ƙwarai, babu tsaga ko ɗaya.

“Salamu alaikum,” in ji Bintu.

Wata babbar mota ta wuce, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafarta. Ta jira. Sannan ta ciro gorar ruwan da ta zo da ita a jaka, ta tsuguna a bakin kwaltar ta tsiyaya a hankali, tana neman inda zai shiga. Ruwan ya taru, ya yi ɗan jim, ya gangara magudana.

“Umma, wa kike yi wa sallama?” Safina ta leƙo daga cikin adaidaita. “Rana tana yi, ki taho mu tafi.”

Bintu ta girgiza gorar, babu sauran ko ɗigo. Ta rufe ta, ta miƙe, ta dawo ta zauna kusa da 'yarta, ta kama hannunta ta riƙe.

“'Yar wata ce,” in ji ta. “Barci take yi. Mu je, direba, amma ka bi a hankali.”